Wa Zai Yi Shelar Mai Shela?

Jama'a, kafin wani ɗan gulma ya riga ni, bari in faɗa da bakina: ni ne mutumin da ya je suna da shebur a kafaɗa. E, ni ɗin nan, Kadiri mai faci na bakin tashar Salaga. Wanda duk ya ce muku har da diga na ɗauka, ƙarya yake yi. Digar ta Mikaila ce.

Ga yadda aka yi. Wata Asabar da hantsi ina durƙushe gaban bahon ruwa ina neman inda tayar wani babur ke sakin iska, sai lasifikokin da ke saman falwayar tasha suka yi kakari. Murya ta fito, ta namiji, mai kauri, tana tafiya a hankali kamar mai magana daga cikin rijiya. Cikin duk abin da ta faɗa ban kama komai ba sai "gidan Alimatu mai koko". Na san 'yarta Munawara ta haihu kwanan nan, kuma haihuwar ta zo da gardama. Ban ko tsaya lissafin kwanaki ba, na ce inna lillahi, na bar taya a ruwa, na sungumi shebur, don a unguwarmu ina cikin masu haƙa kabari. A kwanar masallaci na ci karo da Mikaila mai maganin basir, shi ma ya faka motokin ɗinsa, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya saɓo diga. Kafin mu isa mun kai mu ashirin, kowa kai a sunkuye, ana ta salati ƙasa-ƙasa.

Muka tarar da rago a rataye ana fiɗa, tukwanen shinkafa da wake na tafasa, mata sun sha ado. Alimatu ta fito da ludayi a hannu. Ta dubi shebur, ta dubi diga, ta dube ni.

"Kadiri, mi ne ne wannan? Wa za ku binne a gidana?"

Shekara goma sha ɗaya matar nan tana jiran jika. Ranar da Allah ya ba ta, sai ga maza ashirin da kayan haƙa a ƙofarta. Ta fashe da kuka, sannan ta bi mu da ludayin har bakin titi. Mako uku ba ta amsa gaisuwata ba, kokon da take zuba mini kuwa ana iya ganin gindin kofi ta cikinsa.

Wanda bai san Salaga ba zai ce wawaye ne suka taru a gari ɗaya. To tsaya ka ji. Garin nan kowa da harshen da ya sha a nono: ga Gonja, ga Dagomba, ga Konkomba, ga Fulani, ga Asante, ga mu 'yan Zongo. Hausa ce ke haɗa mu, amma rabin jama'a Hausarsu ta ciniki ce, "nawa ne" da "rage mini". Lasifikokin kuma sun girmi babban ɗana, in iska ta taso sai ta kwashe rabin magana ta kai wa maƙwabtanmu mutanen Kpembe. Saboda haka mu ba kalmomi muke saurare ba. Murya muke saurare, sai mu tsinci sunan gida a ciki, sauran bayani in mun je ma ji.

Shekara talatin da huɗu Baba Sidiku ne ke riƙe da makirfo a 'yar rumfar shela da ke bayan rumfata. Ɗan tsurut ne, in ya juya gefe sai ka neme shi, amma Allah ya zuba masa murya. In akuya ta ɓata, da sauri yake magana, ta hanci, kamar shi ma haushin akuyar yake ji. In jirgin fito na Makango ba zai ƙetare ba, sai ka ji shi da muryar mai ba da haƙuri, 'yan kifi su san kada su ɗaura kaya. In kuwa mutuwa ce, sai ya saukar da muryar can ƙasa, ya ja "jama'a" har ta kusa tsinkewa, sannan ya yi shiru. Na taɓa tambayarsa amfanin shirun. Ya ce, "Lokacin da mutum zai ajiye abin da ke hannunsa ke nan. Ba a gaya wa mutum mutuwa da wuƙa a hannu." Suna da biki kuma ba ya taɓa su. Sai ya leƙo ya ƙwala wa Alimatu kira daga gindin tukunyarta, ta goge hannu ta karɓi makirfo, ta fara da dariya kafin ta ce komai. Haka garin ya tashi ya sani: namiji mai nauyin murya, ajiye aiki ka ɗauko shebur, mace mai dariya, ɗauko kayan fita.

Ana nan sai Allah ya kawo mana ci gaba. Mai Girma Mai Almakashi, Allah ya ƙara masa kaifi, shi ne ya kawo shi. Kun san shi, ko ba ku san shi ba kun san irinsa. Bawan Allah ne da aka hore wa baiwar yanka ƙyalle. Rijiyar burtsatse ɗaya ya buɗe ta sau biyu a gabana, kuma har yau ba ta ba mu kunya ba, ba ta taɓa jiƙa wa kowa takalmi ba. Ni ba ni da bakin kuka da shi, don ramukan da ya yi alkawarin cikewa a hanyar Makango su ke ciyar da iyalina. To shi ne ya je yawon ƙaro ilimi ƙasar waje, ya ji murya tana magana a filin jirgi ba tare da mutum ba, abin ya tsaya masa a rai. Yana dawowa aka kafa Kwamitin Zamanantar da Shela. Kwamiti ya yi zama uku a otal mai na'urar sanyi, ya fito da wani baƙin akwati wanda in ka rubuta masa magana zai karanta ta da Hausa. Aka saka ɗaya a Salaga, ɗaya a Yendi, ɗaya a Bawku.

Aka yi taro da rumfuna da kujerun roba. Aka ba Baba Sidiku takardar yabo cikin gilashi, da laima. Aka cire wayar makirfonsa, aka danna wa rumfar kwado, aka miƙa mabuɗin ga Mai Girma Mai Makulli, wanda tun daga ranar yake halartar taron bita, kuma da alama bitar ba ta kai rabi ba. Daga yau, in ji su, mai son a yi masa shela ya je ofis ya cike takarda, akwati ya karanta. Muryar namiji mai kauri suka zaɓa, wai ta fi kwarjini. Babu wanda ya tambayi tsohon da ke zaune a layin gaba da laima a cinya.

Sunan jikan Alimatu shi ne aikin akwati na farko. Kafin mako ya zagayo mun yi makokin allurar shanu, mun yi makokin ranar sharar gari. Ranar da aka ce a kawo yara awon nauyi, wata Bafulatana mai wagashi, cukun nono, ta dire ƙwaryarta a tsakiyar kasuwa ta ɗora hannu a ka. 'Yan tasha suka laƙaba wa muryar suna Alhaji Makoki.

Na kira ƙanwata Asiatu, mai sayar da albasa a Bawku, in ji ko mu kaɗai ne.

"Yaya, kada ka tuna mini," in ji ta. "Wannan mutumin bai san jan magana ba, kat-kat-kat kamar mai tafiya da takalmin ƙarfe. Mu nan in ka ji namiji a lasifika yana datse kalma haka, ba ka tsayawa tambaya, ka san rikici ne ya tashi, rufe shago kake yi. Jiya kasuwa ta watse kafin azahar. Ashe cewa ya yi za a ɗauke ruwan famfo. Ruwan da muka rabu da gani tun azumi!"

Sai na kira surukina Afa Abdul-Razak, wan matata Barikisu, mai makarantar allo a Yendi. Na zaci shi ma kuka zai yi. Ina! Murna yake.

"Kai, Kadiri, wannan malami ne. Murya a nutse, ba garaje. Dattawa har tabarma suke shimfiɗawa in ya fara."

"Afa, me yake cewa?"

"Wallahi ban cika kamawa ba. Amma muna cewa amin."

Kun ji fa. Murya ɗaya, akwati iri ɗaya: Salaga na kuka, Bawku na gudu, Yendi na shafa fatiha.

Da Alimatu ta huce, ni da ita muka sa kayan kirki muka je ofis. Muka yi zaman benci tun hantsi har inuwa ta juya, sannan aka shigar da mu. Mai Girma Mai Almakashi ya karɓe mu da fara'a, don ba na cin amanarsa, mutum ne mai haƙora masu kyau. Na ce ranka ya daɗe, ba mu ƙi ci gaba ba, mu wa? Roƙonmu ɗaya ne. Tunda akwatin an ce yana da muryoyi da yawa a cikinsa, a bar mana biyu, namiji ga mutuwa, mace ga suna. Ko kuma a mayar wa tsoho makirfonsa, akwati ya riƙe allurar shanu.

Ya girgiza kai cikin tausayi. "Malam Kadiri, tsari ɗaya, murya ɗaya. In kowane gari ya zaɓi tasa, ina zamanantarwar take?"

Alimatu ta ce, "Ranka ya daɗe, ni jikana aka zo binnewa da rai."

"Mun ji koken nan, Hajiya, har ya kai ga kwamiti. Za ki ga aiki."

Kuma muka gani. Kwamiti ya koma otal, ya yi zama biyu, ya gano cewa bincike daga ƙasashen waje ya nuna muryar mace tana kwantar da hankali. Hankalin su wa, ba a faɗa ba. Aka sallami Alhaji Makoki ba ko laima, aka kawo wata mai murya siririya, garau, kowace jimla tana ƙarewa sama kamar an yi mata albishir. 'Yan tasha ba su ɓata lokaci ba, suka ce ga Anti Fara'a.

Asiatu ta kira ni da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ce Allah ya yi wa kwamiti albarka, yanzu ko me yarinyar ta faɗa mutane na zaune, albasa na tafiya. A Yendi kuwa tabarmi suka naɗe. Afa Abdul-Razak ya ce dattawa sun taru suna tambaya, 'yar wa ce wannan da ke kiran manya ba gaisuwa, ba rusunawa, ba ta ko tambayi kwanan iyali ba? Har an wakilta mutum biyu su nemo ubanta. Mu kuma a Salaga sai ado ya tashi. Barikisu ta ɗaura ɗankwalinta na biki, ta fesa turare, ta bi murya har bakin kasuwa, ta tarar ana rabon tsintsiya za a yashe kwata. Ta dawo, ni kuwa da na ga fuskarta ban tambaya ba.

Har nan abin dariya ne, kuma na yi dariyata. Amma mutum ba ya ɗaura ɗankwali a banza sau uku ya ɗaura na huɗu. Kafin wata ya ƙare, garin ya daina ɗaga kai. Anti Fara'a na ta zuba, mai nama na sara, mai babur na hon, ba wanda ya san ko tana yi.

A cikin haka Ayyub mai ɗinkin takalma ya rasu. Bagonje ne, ba shi da kowa a gari sai mata da 'ya ɗaya, amma babu ƙafar da ba ta taka ɗinkinsa ba a tashar nan. 'Yarsa ta je ta cike takarda, akwati ya karanta da muryar mai rabon alewa. Ni kaina da ke zaune a gindin falwayar ban ji ba, sai da Mikaila ya zo ya taɓa ni. Mu tara muka yi masa salla. Sahu ɗaya bai cika ba. Baba Sidiku na cikinmu, yana dogara laimarsa.

Kwana uku bayan haka ya aiko a kira ni. Na same shi bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya rame, ƙafafu sun kumbura. Muka gaisa. Ya ce, "Kadiri, ka ƙirga mutanen Ayyub?"

Na ce na ƙirga, Baba.

"Ni na kira wa garin nan mutane shekara talatin da huɗu. Uwarka ni na kira mata, sahu bakwai. Ba na tsoron tafiya, wallahi, na gaji ma. Abin da ke hana ni cin tuwo shi ne yarinyar can ta faɗi sunana tana murmushi, mutum tara su zo."

Na fara irin maganar da ake yi, Allah ya ba da lafiya, ai da sauranka. Ya ɗaga mini hannu.

"Bar wannan. Wayarka tana ɗaukar magana?"

Jama'a, na ɗauki abubuwa da yawa a wayar nan, har kukan injin da mai shi ya rantse ba ya kuka. Ban taɓa zaton zan riƙe ta a bakin mutum yana shelar mutuwar kansa ba. Shi kuwa ko a jikinsa, aiki ya samu. Ya sa aka kawo masa ruwan ɗumi ya kurkure maƙogwaro. Ya gyara zama. Ɗauka ta farko zakara ya yi cara a tsakiya, ya ce a goge. Ta biyu ya ce ya yi gaggawar shirun, mai wuƙa bai gama ajiyewa ba. Ta uku ya saurara ido a rufe, ya ce ta yi. Na miƙe zan tafi, ya ce ina za ni, saura ɗaya.

"Wannan ta bayan azahar ce. A yi ta bayan la'asar ma. Ban san wadda Allah zai zaɓa ba."

Na yi dariya hawaye na zuba, shi ma ya yi. Ya ce kada in gaya wa kowa, kada kuma in sayar da wayar ko da an taya ta da daraja, don ya san halina.

Talatar makon jiya, bayan an fito sallar asuba, Allah ya karɓi abinsa. Liman ya ce bayan azahar. Ni mai bin doka ne, kowa ya shaida, don haka ofis na fara zuwa. Na roƙi a buɗe rumfa a haɗa wayata da lasifika, minti biyu kacal. Magatakarda ya ce mabuɗi na hannun Mai Girma Mai Makulli, shi kuma yana taron bita. Na ce to a kira shi. Ya ce ba a kiran mutum yana cikin bita. Ya turo mini takarda, na cike. Ina fitowa na ji Anti Fara'a a sama tana sanar da Salaga, cikin annashuwa, cewa Malam Sidiku ya rasu. Na tsaya a bakin titi ina duba. Mai nama bai daina sara ba. Wata mai doya ta ɗaga kai ta tambayi maƙwabciyarta ko bikin wa ake, maƙwabciyar ta ce oho. Ƙarfe goma sha ɗaya na leƙa ƙofar gidan, mutum shida ne a kan tabarma, biyu daga ciki 'ya'yansa ne. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai na tuna Mikaila. Motokin ɗinsa na da lasifika biyu ɗaure da igiyar roba, waɗanda yake tallar maganin basir da su, kuma duk garin nan babu wanda zai ce bai taɓa jin su ba ko da ya so. Na same shi a layin gidan mai, inda ya kafa tun safe, saura mota huɗu a kai gare shi. Na gaya masa. Ya dubi layin, ya dubi famfon mai, ya dube ni. Wanda ya san layin mai ya san abin da na roƙa.

"Hau," ya ce. "In ya mutu a hanya sai mu tura."

Muka tsaya a tsakiyar tasha. Mikaila ya haɗa waya. Da farko tallarsa ce ta ɓarke, "basir mai tsiro, basir mai jini", ya yi wuf ya kashe yana istigfari. Sannan na danna.

"Salamu alaikum, jama'aaa..."

Sai shirun nan.

Wallahi da idona na gani. Mai nama ya ajiye wuƙa a kan katako. Mai doya ta sauke tire. Wani direba da ya riga ya sa giya ya kashe mota. Bafulatanar nan mai wagashi, wadda Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, ta dire ƙwarya a hankali ta rufe baki da mayafi. Tasha guda ta yi tsit, har ana jin kukan tantabaru a kan rufin kwano.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, Sidiku ne mai shela. Yau tawa ce. Allah ya karɓi raina. Za a yi mini salla bayan azahar a ƙofar gidana. Wanda na kira wa uwa, wanda na kira wa uba, wanda na kira wa ɗa, yau ni nake kira. Wanda na ɓata wa, ya yafe mini. Wanda akuyarsa ba ta dawo ba, ba laifina ba ne. Ku zo."

Alimatu ce ta fara fasa kuka daga gindin tukunyarta. Ta bar koko a wuta ta haye bayan motokin ba wanda ya gayyace ta. Muka bi kasuwa, muka bi Unguwar Malam, muka gangara hanyar Kpembe muka dawo. Ko'ina muka tsaya, sallama, shiru, sai ka ga hannuwa na ajiye abin da suke riƙe. A bayan masallacin Juma'a mai ya ƙare. Ba mu tura ba. Mutanen da ke biye da mu ne suka tura, ni ina sama ina riƙe da waya. Wani ya ɗauki muryar a tasa wayar ya aika Makango, 'yan kifi suka ciko mota biyu. Afa Abdul-Razak ya kira daga Yendi yana tambaya ko gaskiya ne, ya ce ba zai iso a kan lokaci ba amma ya tara ɗalibai suna karatu. Asiatu ta ce muryar ta iso wayarta, ta kunna a rumfar albasa a Bawku, matan da ba su taɓa ganin Baba Sidiku ba, wasu ko Hausa ba sa ji sosai, suka yi jugum, ɗaya ta tambaye ta ko mahaifinta ne.

Na ƙirga sahu, don na san zai so a ƙirga. Na kai goma sha tara na bari, saboda sauran sun zagaya bayan gida inda ba na gani.

Inda jama'a ta taru haka kuwa, kun san wanda ba ya rashin zuwa. Ana shirin ɗaukar makara sai ga baƙar mota mai sanyi, Mai Girma Mai Almakashi ya fito da farar riga, aka buɗa masa hanya. Ashe ya ji shelar daga tagar ofis. Ya matso kusa da ni, kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: idonsa ya yi ja. Ya rage murya.

"Malam Kadiri, wannan muryar ta shige ni. Tsigar jikina har yanzu ba ta kwanta ba. Irin wadda muke nema ke nan tun farko. Wane kamfani ne ya yi ta? A ba ni sunansu in kai wa kwamiti."

Na dube shi. Shi ne fa ya miƙa wa tsohon laima da hannunsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga kamfanin nan kwance a makara. Ku kama masa ƙafa ɗaya."

Ya yi shiru, irin wanda ba a koyarwa a otal. Sannan ya naɗe hannun riga ya kama. Tun da na san shi, ranar ce na fara ganin ya ɗauki abin da ya fi almakashi nauyi, kuma har maƙabarta bai bari an karɓe shi ba. Na rubuta masa wannan, kada a ce ba na yabo.

Kada ku ɗauka wani abu ya canza. Rumfa na nan da kwadonta, Mai Girma Mai Makulli na nan a bita, Anti Fara'a ta sanar da mu jiya cikin farin ciki cewa jirgin Makango ya lalace. An ce kwamiti zai koma otal ya duba yiwuwar murya ta uku.

Ni dai ta bayan la'asar tana nan a wayata, ba a taɓa amfani da ita ba. In aiki ya yi sauƙi, tayoyi sun ƙi fashewa, sai in ji ina marmarin jin tsohon, har in kai yatsa. Sai in tuna garin da nake. Ko a ƙasa-ƙasa na kunna, mai nama zai ajiye wuƙa, kuma kafin in kashe wani ya riga ya saɓo shebur.